Mai Kitso Ta Fita Kallon Gidajen Haya

Da safe Baba mai gida ya tsaya a ƙofar Mai Kitso, ya yi gyaran murya, ya ce daga sabuwar shekara zai ƙara kuɗin haya. Ya faɗi adadin. Ta ce, "To, Baba," cikin ladabi, amma yana juya baya ta finciki gashin matar da take yi wa kitso har sai da ta yi ƙara.

Ƙanwarta Auta tana gefe tana dariya. "Yaya, kafin ki tsinke wa baiwar Allah kai, mu fita mu ga yadda ake ba da haya a gari mana. In zalunci ne mu sani, in daidai ne mu haƙura."

Bayan azahar suka ci ado kamar masu zuwa ɗaukar hoto. Auta ta ƙwama baƙin tabarau, suka tafi wata unguwa can nesa, suka sami wani dillali da bai san su ba. Auta ta ce masa su manyan 'yan kasuwa ne, ba sa son ƙaramin abu. Nan take ya tsayar da tasi.

Gidan farko, Auta ta ware hannuwa ta taɓa bango biyu a lokaci guda.

"Shara ba za ta wahalar da ku ba," in ji dillali.

Na biyu, tagarsa tana kallon shagon mai walda. Dillali yana ta magana, ba sa jin komai.

"Me ka ce?"

"Na ce unguwar shiru gare ta!"

Mai Kitso ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kuma duka biyun sun fi abin da Baba ya nema tsada.

Dillali ya ce, "Akwai wani, don irinku na ajiye shi."

Tasi ta yi ta tafiya, ta karya kwana wajen kantin magani, ta wuce mai faci. Auta ta mintsini yayarta. Yayar ta rama. Sai ga su a ƙofar gidansu.

Dillali ya shige gaba yana kaɗa makullai, ya buɗe ɗakin da ke manne da na Mai Kitso, wanda aka tashi daga ciki kwanan baya. Ya faɗi kuɗinsa, ya zarce sabon kuɗin da Baba ya yanka mata nesa ba kusa ba.

"Ruwa ba ya ɗaukewa," ya ce, yana nuna famfon da ya daɗe ba ya fitar da komai sai iska. "Maƙwabta kuwa, ko tarinsu ba za ku ji ba."

Bai rufe baki ba yaran Mai Kitso suka fito a guje suna buga murafen tukwane. "Umma ta dawo! Umma ta dawo!" Suka rungume ta.

Auta ta zube ƙasa, tabarau ya yi nasa wuri. Mai Kitso ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Hayaniyar ta fito da Baba.

"'Yata, tashi za ki yi?"

"Ina, Baba! Na zaga na gani, ƙarinka bai yi yawa ba, zan biya. Amma wannan bawan Allah ya ce ruwa ba ya ɗaukewa a gidan nan. To, wannan ruwan nake so."

Baba ya dubi dillali, ya dubi famfo, shi ma ya fashe da dariya. Ya ce gobe mai gyara zai zo, kuma ba zai karɓi ƙarin ba sai ruwa ya zubo.

Dillali ya sosa ƙeya. "To, kuɗin nuna gida fa?"

"Gidanmu ka nuna mana, Malam," in ji Auta, tana share hawaye. "Amma zauna ka huta, ka sha tafiya."

Ya kuwa zauna. Kafin ya tashi har ya tambayi nawa ake kitso, wai matarsa tana neman mai hannu.