Tasha Biyu a Shagon Kawu

Wata biyu ke nan da aka katse layin waya a Sabon Birni, ba mu ji muryar yayana Kalilu ba. Yana kiwon raƙuma a wata ƙasar Larabawa, bakin teku, Iran na tsallake. A kasuwa aka fara cewa rigimar nukiliya za ta zama yaƙi. Inna ta daina cin abinci.

Na raka ta shagon Kawu Abdulgani, mai kai atamfa Nijar. Yana da talabijin, yana jin Larabci. Ya kunna wata tasha, muka ga jiragen yaƙi da mai labarai yana ɗaga murya. Da sauri ya canza. A ta biyun, mutane ne zaune a teburi suna murmushi.

"Kin gani, Yaya? Sulhu ake yi," in ji Kawu.

Ban saba magana gaban manya ba, amma na ce, "Kawu, ta farkon fa, mi ta ce?"

Ya dube ni. "Cewa ta yi ƙila kafin Juma'a a kai hari."

"To wace ce mai gaskiya?" Inna ta tambaya.

"Mai waccan yana gaba da Iran. Mai wannan suna ciniki tare. Kowa abin ubangidansa yake faɗi."

Inna ta riƙe hannuna. "Naja'atu, ƙafata ba ta hawa babur. Ki tafi inda waya ke shiga, ki kira Kalilu. In lahiya, shi zauna. In babu, shi taho."

Hanyar bakin iyaka, inda layin Nijar ke kamawa, ko maza tsoronta suke yi saboda 'yan bindiga. Na ce za ni. Bawa ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni da hantsi, ya kai ni kan wani tudu kusa da iyakar. Sai a kira na huɗu ta shiga.

"Yaya, mi ake cewa nan wurinku?"

Ya yi dariya. "Autar Inna, ke ce da waya? Lahiya lau. Tasha ɗaya ake kunna muna a masauki, ta gwamnatin ƙasar. Kullum tseren raƙuma. Wani abu ya faru?"

Ashe mun fi shi sani, mu ma ba mu sani ba. Bawa ya tada babur, yana duban daji, yana yi mini alama da hannu. Muryar Kalilu ta fara yankewa.

"Inna ta ce ka taho gida," na ce, na ɓoye rabin saƙonta.