Iskar Zuhura

Tun saura wata huɗu kumbon ya isa Zuhura, Shamsa ta hango matsalar. Lissafin kuwa na Ubaid ne, shugaban masu tsara hanyar kumbo, dattijon da ya koya mata aikin tun ba ta san komai ba. An shirya kumbon ya gitta daf da Zuhura, jan duniyar ya lanƙwasa masa hanya zuwa dutsen sararin samaniya da aka aike shi dubawa. To bana rana ta tsananta, iskar saman Zuhura ta kumbura, za ta gogi kumbon ta rage masa gudu. Shi Ubaid da tsohon awo ya yi aiki.

Ƙa'idar wurin ita ce ta cike takardar ƙin amincewa, a karanta a taron Litinin. Ina! Ta miƙe gaban na ƙasa da ita ta ce Baffa Ubaid ya yi kuskure, a shekararsa ta ƙarshe a aiki? Sai ta kai masa gahawa da dabino ofis, ta yi ta kewaye-kewaye.

"Baffa, iskar nan fa, ko a sake dubawa?"

Ya yi dariya. "Ke dai ba kya rabo da tsoro, 'yata. Ko lif na hawa bene sai kin yi addu'a uku kike shiga. An duba."

Ta ce a ranta gobe za ta faɗa. Haka aka yi ta gobe har wata huɗu. Gyaran da ɗan mai kaɗan zai yi a lokacin ya zama wanda duk man tankin ba zai iya ba.

Ranar gittawar, bayan azahar, saƙo ya iso. Kumbo lafiya lau, sai dai ya fito a karkace, zai wuce dutsen da nisan da ba ya gyaruwa. Aikin mutum ɗari biyu na shekara tara ya tafi ke nan.

Da ɗakin kula da kumbon ya watse, Ubaid ya zo ya tsaya a bayanta. Nata lissafin na nan a allo, da kwanan watansa.

"Wannan na Maris ne," in ji shi.

"Eh, Baffa."

"Kin sani ke nan."

Hawaye suka zubo mata. "Nauyinka na ji."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin rawaninsa.

"Shekara goma sha biyu ina koya miki aiki," ya ce a hankali, "ashe ban koya miki yadda za ki ce min na yi kuskure ba."