Wutar da Ke Saman Gidan Dabo

"Baba, sun ba shi zuwa Lahadi," in ji Tasalla, ta dire kwanon kunu har ya fantsala. "Sun ce in bai bar gari ba, 'yan sa-kai za su kai mai farmaki."

Malam Maccido bai motsa daga shimfiɗarsa ba. Watansa biyu ke nan kwance, ga yanar ido ta hana shi gani tun bara. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Tasalla, ita ke kawo masa kunu tun rasuwar matarsa.

"Mi sunka ce Dabo ya yi?"

"Infoman 'yan bindiga na wai. Jirgi marar matuƙi na zuwa kullum da magariba, shi tsaya bisa gidanai."

Dabo ƙanenta ne, mai haɗa wa mutane sola. Ya kafa wani dogon ƙarfe a rufinsa don wayarsa ta riƙa kama sabis, bai san ya kafa wa kansa fitina ba. Mako uku ke nan Illela ba ta da zance sai na jirage. Wani ya ga uku a ƙauyen Araba, wani ya ga bakwai sun jeru ta wajen Tozai, wanda bai ga komai ba ma ya ji ƙara. Su kuwa 'yan majalisar Alhaji Mukhtari dillalin albasa, shekara ashirin suna zama benci ɗaya suna fuskantar yamma, sai bana Allah ya nufa suka ɗaga kai. Suna ɗagawa suka ga wata farar wuta tsaye cak a kan ƙarfen Dabo.

"Tana ƙyaftawa?" Malam ya tambaya.

"A'a."

"In an gama isha'i tana nan?"

"Sai ta sauka ta ɓace."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara arba'in shi ake turawa bayan gari duban jinjirin wata, ya san sama kamar tafin hannunsa.

"Zara ta, ɗiyata, tauraruwar nan matar wata. Tun kakanninsu ba su yi wayo ba take nan. Ki ce musu su tashi daga bencin ga, su zagaya bayan gidan Dabo, su ga gidan wa take kai."

Ta je, ta tsaya nesa da bencin, ta durƙusa ta isar da saƙo. Alhaji Mukhtari ko kallonta bai yi ba.

"Makaho ya aiko 'yar'uwar mai laihi ta gwada muna sama? Mu da munka gani da idonmu?"

Aka yi dariya. Babu wanda ya ɗaga ko ƙafa. Ta dawo, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke tukunyar da ba ta yi datti ba. Dabo ya ƙi fita ko masallaci, matarsa ta fara ɗaure kaya a buhu.

Ran Juma'a Malam ya ce a ɗauko masa sandarsa, shi zai je da kansa. Ya kai bakin zaure, gwiwoyinsa suka ƙi. Tasalla da wata jikarsa suka mai da shi ɗaki yana haki.

"Taku talatin na," yake ta faɗi. "Taku talatin kaɗai, sun kasa."

Ran Asabar da hantsi ta shiga da kunu, ta yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ta ajiye kwanon a hankali ta yi salati. Ta yi kukan maƙwabcin shekara talatin, ta kuma yi kukan cewa mutum ɗaya da ke bayan ƙanenta ya tafi, gobe kuma Lahadi.

Bayan azahar aka kai shi. Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa don karɓar gaisuwa, majalisar Alhaji Mukhtari kaf ta taso ta dawo nan, don ba a ƙin zaman makoki. Nan suka yi magariba, suka sake zama.

Tasalla ta fito zaure da tiren tuwon sadaka, sai ta ji waje ya yi tsit. Wani dattijo, Zakari, ya miƙa hannu sama.

"Alhaji, ga jirgin can ya hito."

"Ina?"

"Ga shi bisa rumfarka."

Daga ƙofar Malam, gidan Dabo yana can gefe a hannun dama, ƙarfensa tsaye babu komai a kansa. Farar wutar kuwa ta tsaya daidai saman rumfar albasar Alhaji Mukhtari, ba ta ƙyaftawa.

Alhaji ya ɗaga kai ya duba. Ya tashi ya yi taku kaɗan zuwa kudu, wutar ta koma saman masallaci. Ya dawo ya zauna, ya daɗe yana jan carbi.

"A kira Dabo," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Shi zo shi zauna, maƙwabcin yayarshi na ya rasu."

Tasalla ta miƙa tiren, ta koma ciki. A bakin ƙofar ɗakin Malam sandarsa na jingine inda ya bar ta jiya, kwanon kunun safe kuma yana nan a rufe da faifai.