Zango Biyar a Bayan Iyaka

"Na yarda," in ji Wada, ya miƙa hannu ta saman teburin shayi. "Amma Kabo ne shaida, kuma shi zai ɗaure na'urar da hannunsa."

Sa'ud ya kama hannun ya girgiza, yana murmushi irin na wanda ya sayi abu da araha. Kabo mai shayi ya ajiye buta, ya goge hannu a rigarsa, ya ce su maimaita sharaɗin a gabansa dalla-dalla, don shi ba ya son a zo masa da sabon zance daga baya.

Sharaɗin ba shi da tsawo. Ranar Asabar bayan sallar asuba Wada zai tashi daga nan Ka'akiyya, a kudancin Makka, da buhu ba komai a ciki, da na'urar Sa'ud ɗaure a kan kekensa, ya dawo da ɗanyen filasko. In na'urar ta nuna ya tsaya a wani wuri cikin iyakar Harami, ban da tsayawar danja, Wada ya bar sana'ar. In ba ta nuna ba, Sa'ud zai tsaya a wannan teburi ya janye maganarsa, sannan ya aika da muryarsa a waya duk inda ya aika ta farko.

Asalin rigimar ke nan. Shekara talatin da huɗu Wada yana sayar da filasko a bakin wani lungu a Misfala, ganyen da Larabawa ke kira sana makki, wanda alhazai ke saye don wankin ciki. Nasa ya fita daban: fata-fata, kore shar, babu ƙasa babu itace. Duk wanda ya saya sai ya ce masa, "Daga bayan iyaka na tsinko shi," don kowa ya san ba a yanke tsiron da ya fito da kansa a cikin Harami. Sa'ud kuwa ɗan marigayi Dauda ne, haifaffen Makka, yana da shagon magungunan gargajiya mai gilashi da sanyi a Kudai. Nasa filaskon busasshe ne na cikin kwali, mutane su shiga su shinshina su ce ba na Wada ba ne. Sai ya saki murya a waya, wai tsoho ɗan shekara sittin da takwas a kan wannan kwarababben keke ba zai iya kaiwa iyaka ba, a bayan wani dutse cikin Harami yake tsinka. Cikin mako biyu cinikin Wada ya tsaya. Wata hajiya ta dawo da ƙullin da ta saya, ta ajiye masa a kan tabarma ba ta ko yi sallama ba.

Limamin unguwa ya so ya samo masa mafita. Ya ce ai malamai da yawa sun yi sassauci a kan filasko musamman, ko da a ciki aka tsinka.

"Malam, ba fatawa na zo nema ba," in ji Wada. "Cewa aka yi na yi ƙarya."

To, a ranar da aka ƙulla, Sa'ud bai iya ɓoye jin daɗinsa ba. Shi mutum ne mai hawan keke don motsa jiki, duk Juma'a da safe ya sa matsattsen wando da hular kwano ya bi 'yan ƙungiyarsu. Ya ciro na'urar daga aljihu, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana, irin ta GPS da ake ɗaurawa a kan keke, ya buɗe wayarsa yana nuna wa Wada taswira, yana kiransa ammi, wato baffa da Larabci.

"Duba, ya ammi. Wannan jan layin hanyar da na bi ce. Nan gudu, nan hawa. Wannan ɗigon inda na tsaya ne, minti goma sha biyu. Wallahi jihazin nan ba ya ƙarya."

"Har wurin da mutum ya tsaya take faɗa?"

"Da taku ɗaya ba za ta kuskure ba."

Wada ya dubi ɗigon, ya ɗago ya dubi idon Sa'ud. Ya shanye shayinsa ya tafi gida.

Asiya matarsa tana tankaɗe a tsakar ɗaki ya ba ta labari. Ta ajiye rariya.

"Malam, kai da wayonka? Ai ba sunanka yake so ya ɓata ba. Kwarin da kake tsinko ganyen yake nema."

"Na sani."

"Ka sani ka ba shi hannu?"

"In na ƙi, na zama maƙaryaci. In na je kai tsaye, na kai shi da kaina." Ya cire hula ya rataye. "Ki dafa mini ƙwai, ki cika gorunan ruwan nan duka huɗun."

Kwarin nan shi ne duk abin da Wada ya mallaka a ƙasar nan. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka shigo da shi ta Chadi da Sudan. Ya yi dako, ya tura kura, ya yi wanki, bai tara gida ba bai tara shago ba. Sai wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, inda ruwan sama ke kwanciya ya daɗe, filasko ya fito kamar an shuka. Ko Asiya ba ta taɓa ganin wurin ba.

Ranar Asabar Kabo ya naɗe na'urar da salatif a kan keken, ya sa hannu da biro a kai, ya zazzage buhun a gaban mutum shida ya nuna ba komai. Sa'ud ya danna maɓalli, abar ta yi ƙara.

"Allah ya kiyaye hanya, ya ammi. In ka gaji ka kira ni in zo da mota."

"Ɗan Dauda, ina taka feda ubanka bai yi aure ba."

Ya kama hanyar kudu. Manyan motoci na wuce shi, iskarsu na kaɗa masa riga. Wada bai yi karatun boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa, ya ga abar tana canza fuska: sha uku, sha huɗu, a gangara sha tara. Ya sa mata suna 'yar gulma. Da ya wuce alamar iyaka ya ɗaga mata hannu ya ce, "Kin gani ko? Rubuta."

Bai tsaya nan kusa ba. Sai da ya yi nisan da ko mahaukaci ba zai ce ya koma cikin Harami da ƙafa ba, sannan ya sauka daga kwalta, ya jingine keken a jikin dutse. 'Yar gulma ta yi ƙara, ta fara ƙirga tsayuwa. Ya buɗe lema, ya zauna, ya ɓare ƙwai ɗaya. Da awa ta cika cif ya tashi.

Haka ya yi har sau biyar, kowane zango nesa da ɗan'uwansa, wani gabas da hanya wani yamma, kowanne awa guda ba ragi ba ƙari. A huɗu daga ciki zama kawai ya yi yana kallon ƙadangaru. A ɗaya, ba sai an faɗi na nawa ba, ya bar keken da abar a kai, ya saɓa buhu, ya haye wani tudu, ya gangara, ya ratsa tsakanin duwatsu ta inda sai an karkace kafaɗa. Ya tsinka da sauri, hannu bibbiyu, ya dawo yana haki saura minti biyu awa ta cika.

Tafiyar da ya saba yi ya dawo kafin azahar, yau ta ninka. Rana ta take. Ruwan gora ya yi zafi kamar na wanka. Ya yi azahar a wani zango, ya yi la'asar a na ƙarshe, ya ɗaure buhu a kariyar keke, ya juyo gida da gora ɗaya, ita ma rabi.

Ya wuce alamar iyaka lafiya. Saura abin da bai kai kilomita huɗu ba ya isa Ka'akiyya, a wani ɗan hawa da bai taɓa ɗauka a bakin komai ba, ya miƙe tsaye a kan feda, sai gwiwarsa ta dama ta yi ƙas. Zafin ya hau masa har ƙeya. Keken ya karkata, ya sa ƙafar hagu ya tare.

'Yar gulma ta yi ƙara.

Ya dube ta. Ta fara ƙirga. Ga shi cikin Harami, ga buhun ɗanyen ganye a bayansa, ga fili da duwatsu dama da hagu. In ya zauna ya huta, gobe ɗigo zai fito a wayar Sa'ud, kuma babu wanda zai tambayi gwiwa.

Ya sauko da ƙafar da hannunsa. Ya kama kan keken ya jingina ƙirjinsa, ya tura. Taya ta juya, abar ta sake ƙara, ta nuna biyu. Ya ja ƙafar dama ta biyo shi.

Wata motar a-kori-kura ta wuce shi, ta tsaya, ta yi baya. Direban, wani Bayamane mai rawani, ya leƙo ya ce da Larabci ya ɗora keken a baya ya kai shi duk inda za shi.

Wada bai daina turawa ba, don haka direban ya riƙa binsa a hankali. In ya hau, abar za ta nuna gudun mota, Sa'ud ya ce ashe dama mota ke kai shi, ko ya ce wani ne ya kawo masa ganyen.

"Allah ya saka," in ji Wada. "In kana da ruwa, miƙo."

"Ya hajji, ƙafarka ta kumbura!"

"Na gani. Tawa ce."

Mutumin ya miƙo gora ta taga, ya girgiza kai, ya ja motarsa. Wada ya sha yana tafe. Wani wurin lambar ta sauka zuwa ɗaya, ya ji tsoro kar ta ɗauka tsayawa ya yi, ya cije leɓe ya ƙara taku. Ya yi salati, ya zagi Sa'ud, ya nemi gafara, ya sake zaginsa.

Ana kiran magariba ya ɓullo kwanar Kabo. Mutanen teburin suka miƙe. Sa'ud ya taho da gudu zai riƙe shi.

"Kar ka taɓa ni. Kabo, duba salatif ɗinka."

Kabo ya duba, sa hannunsa na nan. Ya kwance buhu, ƙamshin ɗanyen ganye ya tashi. Sai a lokacin Wada ya saki keken, ya zauna a ƙasa daɓas.

Bayan salla aka buɗe taswira, kawuna suka haɗu a kan wayar. Kilomita hamsin da huɗu. Jan layin ya fita daga gari, ya tsallake iyaka, ya yi ta yawo kamar akuyar da ta tsinke, ya dawo. Cikin Harami babu ɗigo ko ɗaya, sai wani dogon wuri da layin ya yi tafiyar mai jinya. A bayan iyaka kuwa ɗigo biyar, kowanne awa guda.

Sa'ud ya ja hoton da yatsa, ya faɗaɗa, ya matse. "Ya ammi, a wanne ka tsinka?"

"Wannan yana cikin sharaɗi, Kabo?"

"Babu shi," in ji Kabo.

Sa'ud ya miƙe tsaye ya fara janye maganarsa da Larabci, da sauri, yana haɗiye rabi. Kabo ya buga cokali a kofi.

"Da Hausa ka ɓata shi, ɗan Dauda. Da ita za ka gyara."

Ya faɗa da Hausarsa mai ɗingishi, cewa Baba Wada bai yi ƙarya ba, shi ne ya faɗi abin da bai gani ba. Aka sa shi ya danna waya ya sake faɗa, ya aika.

Likita ya ce jijiya ce ta yage, ba keke sai bayan wata shida, in ma an dace. Sa'ud kuwa Juma'a huɗu a jere bai bi 'yan ƙungiyarsu ba. Ya ɗauki mota ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, ya hau duwatsu da takalminsa na zaman shago, ya samo ɓawon ƙwai a wuri biyu, ya dawo da ƙaya a ƙafa. A ta biyar ya sayi dabino ya zo dubiya.

Ya tarar da Wada a kan katifa, ƙafar a miƙe kan matashi. Suka gaisa, sannan Sa'ud ya gyara zama.

"Ya ammi, ganyen nan zai bushe a banza. Ga mota. In ɗauke ka, ka nuna kawai da hannu, ni in tsinka. Mu raba biyu. Kai, ka ɗauki kashi biyu in ɗauki ɗaya."

"Mutane na tambaya a shagonka?"

"Wallahi kullum."

"Ni ma Asiya ta ce har gida suke zuwa." Wada ya ɗauki dabino ɗaya ya duba shi, ya jefa a baki. "In lada kake nema, ranar Talata zan koma asibiti. Ka zo da motar."

"Kwarin fa?"

"Yana nan inda yake."

Ranar Talata Sa'ud ya zo da motar, ya kai shi, ya jira, ya dawo da shi, duk hanya bai sake tayar da zancen ba.

In za a faɗi gaskiya, Wada ya karɓo sunansa ya ba da gwiwa, kuma masu saye sun dawo a shekarar da ba shi da ganye ko ƙulli ɗaya. Sa'ud ya zubar da mutuncinsa a teburin shayi, ya samu taswira mai ɗigo biyar da har yau bai goge daga wayarsa ba. Wanda ya ci riba tsantsa wani makiyayi ne da bai san ɗayansu ba, wanda awakinsa suka gano tsagin nan suka cinye filaskon bana har saiwa.