Farantin da Aka Liƙa a Bango

Hannatu na tsaye a tsakiyar falo, rungume da farantin kamar mai riƙe da jinjiri. Na tangaran ne, fari, faɗinsa ya kai murfin randa, an zagaye bakinsa da shuɗayen furanni. Mijinta Markus na durƙushe yana kokawar buɗe gwangwanin gam.

"Mai shagon ya ce irin na magina ne," in ji shi. "Wai idan ya kama, sai dai a fasa bangon."

"Shi nake so, Baban Victor."

Ya ɗago ya dube ta. Ya san abin da take nufi. Tun da aka sako shi daga tsare yake maganar su tattara su koma garinsu Kagoro. Gidansu na Gyadi-Gyadi, inda jami'an tsaro suka zo suka tafi da shi saboda yajin aikin ƙungiyar ma'aikata, ya gagare shi kwana. Hannatu ta yarda a tashi, amma iyakarta wannan ɗan gidan haya na Tarauni, kusa da makarantar da take koyarwa.

Farantin na Hajiya Jummai ne, maƙwabciyarsu ta dā. Lokacin da aka kama Markus, har waɗanda suke zama benci ɗaya da su a coci suka riƙa sauya hanya in sun hango Hannatu. Hajiya kuwa kowace Juma'a sai ta shaƙe farantin nan da shinkafa ko dambu, ta ɗauko da kanta da rana tsaka, ta bi ta ƙofar gaba kowa na gani. Ba ta taɓa tambayar me Markus ya yi ba. Ranar da za su tashi ta miƙa wa Hannatu shi, ta ce ya riga ya fi sanin gidansu.

Rediyo na kan taga yana ta kawo shagalin Abuja, inda sojoji ke miƙa mulki ga farar hula. Markus ya miƙa hannu ya rage muryar. Ya kankare fentin wurin da wuƙa, ya share ƙurar, ya shafa gam da ɗan guntun katako a bayan farantin da jikin bango. Warin ya cika ɗakin.

"Kawo in riƙe," in ji Hannatu.

"Ni zan ɗora shi."

Ta bar masa, amma ta tsaya kusa. Hannuwansa rawa suke yi tun da ya dawo, ko kofin shayi sai ya tallafe da biyu. Ya ɗaga farantin ya manna, ya danne da tafukansa. Da farko lafiya. Can sai ta ga kafaɗunsa sun fara kaɗawa, gumi ya tsattsafo masa a ƙeya, farantin ya soma zamewa ƙasa a hankali.

"Kada ki taɓa," ya faɗa cikin cije baki.

Sai ga sallama daga ƙofa. Alhaji Lawan ne, mijin Hajiya Jummai, da ita a bayansa, sun zo ganin sabon gida. Alhaji ya dubi bangon sau ɗaya, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya tako ya ɗora tafukansa a gefen na Markus.

"Malam Markus, matsa min kaɗan. Wannan kayan matata ne, in ya fashe ni za a yi wa shari'a a gida."

Markus ya matsa. Bai cire hannu ba, Alhaji kuma bai ce ya cire ba. Suka tura farantin ya koma mazauninsa, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar bango kamar ɗaliban da aka sa horo.

Hajiya Jummai ta riƙe haɓa. "Malama Hannatu, abin cin abinci ne kika mayar hoto?"

"Hajiya, na rasa inda zan ajiye shi in riƙa ganinsa kullum."

"Kai, ke dai!" Hajiya ta juya fuska tana gyara mayafi, ta ɗauki lokaci tana gyarawa.

Markus ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Alhaji, ban taɓa zuwa na yi muku godiya ba. Kullum in na tashi zuwa sai in rasa ta inda zan fara."

"To kada ka fara yanzu, hannuna ya gaji," in ji Alhaji. "Wai wannan gam ɗin sai yaushe yake kamawa?"

"Mai shago ya ce sai ya kwana."

"Ya kwana? Haka za mu tsaya har gobe?"

Dariya ta ƙwace wa Markus, irin wadda Hannatu ta daɗe ba ta ji ba, har sai da Alhaji ya daka masa tsawa ya lura da farantin. Ta ruga kicin ta mirgino turmi, ta ɗauko taɓarya. Hajiya ta naɗe kan taɓaryar da tsumma, suka tokare tsakiyar farantin da ita, gindinta a jikin turmin. Mazan suka janye hannu a hankali. Farantin ya tsaya.

Markus ya ja da baya ya daɗe yana kallonsa. "In mai gida ya gani, zai ce mun ɓata masa bango."

"Sai ku yi ta zama har ya manta," in ji Alhaji.

Markus ya dubi matarsa, ya gyaɗa kai. Hannatu ta sunkuyar da nata tana yi wa Allah godiya a zuci.

"To, turmi da taɓarya dai sun tafi aiki, yau babu daka a gidan nan," in ji Hajiya Jummai. "Ku ɗauko takalmanku, na bar tukunya a wuta."

Markus ne ya fito a ƙarshe. Ya jawo ƙofar da hannu biyu, ya rufe ta a hankali don kada bangon ya girgiza.