Taken Barmo a Kasuwar Belbeji

"Har sau uku ɗan hoton nan ya jefa galmar sama, a ta ukun sai da ta ɓace wa ido," in ji Barmo, yana nuna sararin sama da kofin shayinsa. "Da ta dawo, a ƙirji ya tare ta. Ni nan na gani a Gangara, ba labari aka ba ni ba."

Masu zama a rumfar Yahuza mahauci sun ji labarin nan ya fi sau ɗari. Amma ranar kasuwa ce a Belbeji, makiyaya sun sauko da awaki, Barmo kuwa ba ya ganin sabon kunne ya ƙyale shi. To, wa ya ga abin da ya gani a duk Damargu? Ya ga 'yan hoto masu wasa da galma. Ya ga gardawa sun shigo Tanut da kura a ɗaure tana dalalar da miyau. Ya ga mai gogen da ya sa matan Falanko suka bar tuwo ya ƙone a wuta. Ya ga farin da ya sa aka riƙa tona gidan tururuwa don neman hatsi, ya binne sa'o'insa kaf, ga shi nan daram da haƙoransa goma sha ɗaya. Bai taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba, kuma har yau bai ga abin da ya rasa ba.

"Duk wannan wasan yara ne," ya ce. "Wanda bai ga Dodo makaɗi ya rataya ganga yana yi wa 'yan tauri kiɗa ba, bai ga komai ba. Ina saurayi na tako daga Tarka a ƙasa don in gan shi. Ranar na ce ni ma sai na ci maganin ƙarfe. Na ci kuwa! Shekara talatin ina shiga fili. Wuƙa nawa ta lanƙwashe a kan cikin nan nawa? Ku tambaya."

Yahuza ya daina goga wuƙarsa a dutse, ya karkata kai.

"Baba Barmo, kana jin abin da nake ji?"

Ya ji. Tun kafin Yahuza ya yi magana ƙafafunsa suka ji. Daga wajen sabuwar kasuwar dabbobi, inda mutanen meri, ofishin magajin gari, suka tara makaɗa don bikin buɗewa, wata ganga ce ke magana a hankali, da murya mai kauri. Takensa ne. Hannu ɗaya ne a duniya ya san shi, shi kuwa Barmo ya ɗauka mai hannun ya daɗe a ƙasa, don shekara ashirin ke nan da aka ce Dodo ya koma Maradi wajen 'yarsa.

Wani ya leƙo rumfar yana haki. "Dodo ne aka kawo! Yana cigiyar Barmo na Tarka, wai in yana da rai ya fito."

Duk idanu suka dawo kansa. Kowa ya san ƙa'ida: ɗan tauri ba ya jin takensa ya zauna. In ya zauna, to ya mutu ke nan, sai dai a jira ranar wanka.

"Alhamdu lillahi," in ji Yahuza, yana murmushi. Ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa, gashin ya zube. "Tun ina goye nake jin labari, yau zan gani. Ga ta, Baba. Yanzu ta gama da raƙumi."

Barmo ya karɓa.

Akwai abin da ba a sani ba a rumfar nan. Shekara uku da suka wuce, lokacin da ya ce ya tafi Agadas ganin dangi, asibitin Damagaram aka kai shi a kwance, hanjinsa ya murɗe. Har a kan gadon aiki yana gaya wa likita ya tanadi wuƙaƙe da yawa, don za su karye. Likitan ya yi dariya, ya sa masa wani abu a hanci. Da ya farka sai ya ga ɗinki tun daga cibiya har mara, kamar bakin buhu. Wuƙa ɗaya ta isa. Ko maganin ne ya tsufa, ko barcin ne ya karya shi, ko me, bai sani ba, bai kuma sake gwadawa ba ko da reza. Daga shi sai matarsa Raishatu suka san abin da ke ƙarƙashin rigar.

Ga ta kuwa ta baro ƙwaryar furarta, ta tare shi a bakin rumfa, ta kama hannun rigarsa.

"Maigida, zo mu je gida. Akuya ta tsinke, ta shiga hatsin mutane."

"Ta ci ta ƙoshi."

"Don Allah, don Annabi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Me za ka nuna musu?"

"Sake ni."

Ya bi tsakiyar kasuwa, mutane na darewa, wasu na binsa a baya. Gwiwarsa ta dama tana ƙara. Yana tafe yana lissafi: in bai cire riga ba za a ce ya ɓoye ƙarfe a ciki, in ya cire za a ga ɗinki, in ya ɗora wuƙar Yahuza a fatar nan da ta zama kamar tsohuwar salka, to sai dai a kwashe shi.

Fili ya buɗe. Manya na zaune a kujeru ƙarƙashin tanti, jandarma biyu na korar mutane baya. A tsakiya ga Dodo. Barmo ya tsaya cak. Mutumin da ya sani ƙato ne, in ya juya da ganga sai ƙasa ta amsa. Wannan kuwa wani ɗan tsoho ne da farin ido, igiyar ganga ta nutse a kafaɗarsa.

"Na Tarka!" Dodo ya yi kira da shaƙaƙƙiyar murya, yana juya kai yana nemansa. "Ko ka mutu ne?"

"Uban wa ya mutu? Ga ni gabanka, makaho!"

Kasuwa ta ɗauki ihu. Barmo ya ɗaga wuƙar, ya fara takawa. Take kashi biyu ne. Na fari kira ne, a hankali, mai shi yana zagaya fili. Sannan makaɗi ya hau, gula, sandar kiɗan, ta riƙa zuba kamar ruwan sama a kan kwano, a nan ne ake tuɓe riga a sa wuƙa. Barmo ya zagaya sau ɗaya, yana jiran hawan. Kiɗan ya zo daidai wurin, sai ya koma farko. Ya sake zagayawa. Kiɗan ya sake komawa farko.

A zagaye na uku ya matso kusa, ya duba da kyau. Hannun Dodo na dama rawa yake yi. Yatsu biyu sun ƙage, da wani tsumma aka ɗaure gular a tafinsa. Gumi na bin gemunsa, leɓensa na motsi kamar mai addu'a. Ba zai iya hawa ba. Duk filin nan babu wanda ya gane, don babu wanda ya taɓa jin yadda abin yake, sai mutum ɗaya.

Barmo ya ji wani sanyi ya sauko masa. Ga hanya Allah ya buɗe. Zai iya jefar da wuƙar kawai ya ce, wannan ba kiɗa ba ne, hannun Dodo ya mutu, ni ba na tuɓe riga a kiɗan mata. Gaskiya ce zai faɗa. Zai koma rumfa da sunansa cif, a mayar da tsoho Maradi a bayan mota, ana yi masa dariya.

"A cire riga!" Yahuza ya ɗaga murya. Wasu suka amsa. "A cire! A cire!"

Kiɗan ya sake zuwa wurin hawa. Dodo ya cije, gula ta zame, ta daki gefen gangar. Ya yi maza ya koma farko.

Barmo ya soke wuƙar a ƙasa. Ya kama rigarsa da hannu biyu, ya yaye ta har wuya, ya juya a hankali don kowane ɓangare ya gani, har manyan da ke cikin tanti.

"Ku buɗe ido da kyau," ya ce. "Ƙarfe ya ci ni a Damagaram, shekara uku ke nan. Dodo, sauke gangarka. Mai taken nan ba ya nan."

Gangar ta yi shiru. Wani ya fashe da dariya a baya, guna-guni ya bi fili. Ya ji ana cewa "Ashe!" Ya ga Yahuza ya zo ya zare wuƙarsa, ya goge ta a wando, ya tafi bai dube shi ba. Masu kalangu suka shigo da nasu kiɗan, taro ya juya wajensu.

Barmo ya saki rigar, ya je ya sauke wa Dodo igiyar daga kafaɗa.

"Ka cuce ni, na Tarka," in ji Dodo da ƙarfi, yadda na kusa za su ji. "Saura ƙiris in hau! Da yau garin nan ya ga abin da bai taɓa gani ba."

Barmo ya kama hannun nan mai rawa, ya tura shi cikin hammatarsa ya matse, ya ja shi suka nufi inuwa.

"Na ji ka," ya ce. "Saura ƙiris."