Birkin Tanimu

A shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji, Tanimu bakanike ya ƙare damina a ƙarƙashin wata kwarababbiyar mota a bayan kasuwar Yelwa. Ba ya da mata, ba ya da yaro. In sufana ta faɗi nesa, shi zai rarrafo ya ɗauka, yana zaginta kamar mutum.

Abin da ya sa shi wannan wahala jirgin ruwa ne. Wansa Maliki ya sassaƙa shi kafin ya rasu, katafaren kwalekwale da bai taɓa shiga ruwa ba. Da hukuma ta tashi tungarsu saboda dam, kowa ya kwashi nasa. Tanimu ya ɗaure jirgin da sarƙa a gindin giginyar ƙofar gidansu don kada a sace, ya ce zai dawo da mota ya ɗauke shi. Duk duniya abin da ya rage masa na gidansu ke nan.

To amma hanyar tungar duwatsu ce da gangare, motar kuwa ko buhun albasa aka ɗora mata sai ta yi nishi. Ya samo aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyi, na wata matacciyar tifa daga wurin 'yan kwangilar dam, ya yanke, ya ɗaura, ya ƙara sifirin. Sai birki. Nan fa Tanimu ya zama Tanimu. Ya ɗaure ya kwance, ya zuba mai ya tsiyaye, ya gwada a kan titi ya dawo yana tsaki.

Sahabi mai kifi ya leƙo wata rana ya ce, "Kai Tanimu, ruwan ga na tahowa hwa, kai kana nan kwance."

Daga ƙarƙashin mota ya amsa, "Gangaren nan ba wasa ba na. Sai ta tsaya inda nic ce ta tsaya, kana in tai."

Ranar da ya gamsu, ya kama hanya da hantsi shi kaɗai. Motar ta hau duwatsu kamar akuya, aksul ko ƙara bai yi ba. Har ya soma yi wa Maliki hira a ransa, yana ba shi labarin aikin.

A tsakiyar gangaren ya ga hanyar ta shige cikin ruwa. Ya taka birki. Motar ta tsaya cak, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba.

Ya sauko. Babu tunga, babu gida, sai kan giginya can tsakiyar ruwa. Ya daɗe yana neman jirgin da ido, kafin ya tuna gajeriyar sarƙa ya sa, kuma da kyau ya ɗaure ta. Ruwa ya taso ya bar jirgin a ƙasa.

Kuka ya zo masa, babu kuma wanda zai ɓoye wa. Ya zauna a kan tayar gaba ya yi abinsa.